Aiki Daban, Tafarkin Aiki Daban: Ma'anar Kalmar "Career" A Ma'aunin Kantin Kwari

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an sallami matasa daga aikin yi wa ƙasa hidima, shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari a Kano sukan cika da masu son a tsara musu takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV. A saman irin wannan takarda akan bar gurbin da mai neman aiki zai bayyana burinsa, kuma a nan ne kalmar Turanci ta "career" takan fito. Kaɗan ne daga cikin matasan suke tsayawa su tambayi ma'anarta. Sau da yawa mai buga takardar yana da jimla guda ajiye a kwamfutarsa, ita yake liƙa wa kowa, mai digirin ilmin halittu ne ko mai na tarihi. Idan kuwa aka matsa wa saurayin da tambaya, amsarsa ba za ta wuce aikin gwamnati ko aikin ofis mai albashi ba.

Wannan gurguwar fahimta tana da illa babba. Ita ce take sa matashi ya share shekara uku ko huɗu yana jiran takardar ɗaukar aiki, yana ganin rayuwarsa ba ta fara ba tukuna. Alhali tafiyar 'yan mintoci daga shagon da aka buga masa takardar akwai kasuwar Kantin Kwari, inda dubban mutanen da ba su taɓa furta kalmar ba suke rayuwa bisa ainihin ma'anarta.

Asalin Kalmar

Kalmar ta shiga Turanci ne a ƙarni na 16 daga Faransanci, inda "carrière" a wancan zamani take nufin hanyar keken doki, ko filin tseren dawaki irin wanda Kanawa ke kira Filin Sukuwa. Tushenta na can ƙasa shi ne "carrus" na harshen Latin, wato keken da dabba ke ja, kuma daga nan ne sunan mota a Turanci ya samo asali. A farkon zamanta cikin Turanci ana amfani da ita wajen siffanta dokin da ya saki jiki yana sukuwa. Sai a farkon ƙarni na 19 aka fara ɗora ta a kan rayuwar ɗan Adam, ta koma tana nufin hanyar da mutum ya bi a fagen aikinsa tun daga farawa har zuwa ajiyewa. Hausawan Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka yi karatun boko da Faransanci, da wannan ma'ana suka san kalmar.

Abin lura shi ne, ba Turawa kaɗai suka kalli rayuwa a matsayin tafiya ba. Haruffan nan biyu na CV taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Latin masu nufin zangon tseren rayuwa. Haka kuma kalmar "sira" da malaman Hausa suka aro daga Larabci, mai nufin tarihin rayuwa, ta fito ne daga tushen da ke nufin tafiya. Ke nan duk inda aka juya, maganar hanya ake yi. Hanya kuwa tana da mafari, tana da zango-zango, tana da kwana, tana da inda ta nufa.

Tagwayen Da Ke Rikita Kunne

Akwai wata kalmar Turanci da ɗalibai suke yawan rikitawa da wannan, wato "carrier". Dalilin rikicin a bayyane yake. Bature yana bambanta su ne da inda ya danna murya: a "career" yana dannawa a gaɓar ƙarshe, a "carrier" kuma a gaɓar farko. Hausa ba da danna murya take rarrabe kalmomi ba, da karin sauti da tsawon wasali take yi, don haka a bakin Bahaushe dukkansu sukan fito kamar "kariya", wadda ita ma kalma ce mai zaman kanta a Hausa mai nufin tsari ko garkuwa.

Ga ɗalibin ilmin halittu wannan kuskure ya wuce na rubutu kawai. A fanninsa "carrier" tana nufin mutumin da yake ɗauke da ƙwayar gadon wata cuta ba tare da cutar ta bayyana a jikinsa ba. Misalin da ya fi kusa shi ne na amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini na AS, kuma idan masu irin wannan jini biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da yaro mai SS. Wanda ya sauya harafi a takardar neman aikin asibiti ko ɗakin gwaji ya nuna wa mai tantancewa cewa bai riƙe kalmomin fanninsa ba.

A ma'anarta ta yau da kullum kuwa, "carrier" ita ce mai ɗaukar kaya, wato ɗan dako. Kalmomin biyu daga keken nan na Latin suka fito, ɗaya ta ɗauki ma'anar kayan da aka ɗora, ɗaya ta ɗauki ma'anar hanyar da aka bi. A Kantin Kwari ana iya ganin su tare a jikin mutum guda: yaron da ya sunkuya ƙarƙashin dilar atamfa yana ratsa cunkoso, kayan da ke kansa aikinsa ne na yau, inda zai kai kansa nan da shekara ashirin kuma shi ne abin da ɗaya kalmar take nufi.

Aiki, Sana'a Da Tafarki

Hausa tana da kalmomi biyu da suka kusanci wannan ma'ana, amma kowace ta tsaya a wani wuri. Aiki shi ne abin da aka ɗauki mutum ya yi don a biya shi. Ana samunsa rana ɗaya, ana rasa shi rana ɗaya, kuma shi ne Bature ke kira "job". Sana'a, wadda aka aro daga Larabci, ita ce gwanintar da mutum ya koya yake ci da ita, kamar rini ko ɗinki ko ƙira ko fatauci. Ba a korar mutum daga sana'arsa, domin a hannunsa da kansa take. Abin da kalmar "career" ta ƙara a kan waɗannan shi ne lokaci. Tana haɗa dukkan ayyukan da mutum ya yi, da sana'o'in da ya koya, da matsayin da ya taka, ta jera su bisa tsawon shekarunsa. Saboda haka fassarar da ta fi dacewa da ita ita ce tafarkin aiki, ko rayuwar aiki.

Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata ya isa misali. An haife shi a Bebeji a shekarar 1877 cikin zuriyar Agalawa. Ya yi karatun allo, ya shiga fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar da ake kira Gana a yau, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon dogaro da ayari kaɗai. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya juya akalarsa can, ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa. A 1929, da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Ya rasu a 1955. Idan aka tambayi aikinsa, amsar tana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Idan aka tambayi sana'arsa, fatauci ne. Idan kuwa aka tambayi tafarkinsa, sai an ba da labarin gaba ɗaya, daga allo zuwa goro, daga goro zuwa gyaɗa.

Matakalar Kantin Kwari

Fagge ta daɗe tana karɓar baƙin fatake, tun zamanin da ayarin raƙuma daga Agadas ke sauka a wajen ganuwar Kano. Bayan isowar jirgin ƙasa, 'yan kasuwar Labanan da Siriya, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, suka kafa kantunan yadi a yankin, Hausawa kuma suka shiga a matsayin yaran kanti da dillalai. Masanin tarihi na Jami'ar Bayero, S. A. Albasu, ya rubuta littafi a kan zaman waɗannan baƙi a Kano, wanda ya fito a 1995. Dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta keɓe cinikin sayar da kaya ɗai-ɗai ga 'yan Nijeriya, kuma sannu a hankali kantunan suka koma hannun 'yan gida, cikinsu har da waɗanda a da suke share ƙofarsu. A yau kasuwar tana cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma, masu sari suna zuwa mata daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Babu takardar da aka rubuta matakan hawa a wannan kasuwa, amma kowa ya san su. Galibi uba ko kawu ne yake kai yaro wurin maigida. Shekarun farko na shara ne da kakkaɓe ƙura da ninke kaya da aike. A cikinsu ne yatsunsa suke koyon bambanta auduga da roba, idonsa ya san atamfar da za ta zuba da wadda ba za ta zuba ba, ya haddace cewa turmi yadi shida ne, ya san shadda da leshi da boyel daraja-daraja. Daga nan sai a fara barin masa shago, a aike shi banki, a tura shi tasha ya ɗora wa baƙo kaya. Kowane aike jarrabawa ce, abin da ake aunawa kuwa shi ne amana. Idan ya ci, sai maigida ya fara ba shi kaya ya sayar ya ɗora ribarsa, ko ya yi dillanci ya karɓi la'ada. Mataki na gaba shi ne tebur nasa na kansa, maigida ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. Daga tebur sai shago, daga shago sai tafiya sari Legas ko Kwatano ko Dubai ko birnin Guangzhou na ƙasar Sin. A ƙarshe shi ma wata rana wani zai riƙo hannun ɗansa ya kawo masa.

A Sabon Gari, wadda aka kafa a 1913 don baƙi daga kudu, 'yan kasuwa Ibo suna da tsari makamancin wannan: yaro ya yi wa maigida hidima na adadin shekarun da aka yi yarjejeniya, sannan a sallame shi da jarin da zai buɗe nasa shagon. Ba kowa ne yake kaiwa ƙarshen matakalar ba. Akwai wanda ya tsufa a kan tebur, akwai wanda bashi ya karya, akwai wanda maigidansa ya ƙi yaye shi a kan kari. Duk da haka, yaron da ya shiga ya san matakin da yake kai da wanda ke gabansa, kuma wannan sani shi ne abin da mai digiri da yawa ya rasa.

Abin Da Masana Suka Gano

Nazarin wannan al'amari a kimiyyance ya fara ne a Amurka. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan zaɓen sana'a a birnin Boston, kuma a littafinsa da ya fito a 1909 ya kafa sharuɗɗa uku: mutum ya san kansa, ya san aikin da abin da yake buƙata, sannan ya auna dacewar biyun da hankali. A 1957 masanin halayyar ɗan Adam Donald Super ya nuna cewa zaɓen ba na rana ɗaya ba ne, ya kasa rayuwar aiki zango biyar: tasowa har zuwa shekara 14, lalube daga 15 zuwa 24, kafuwa daga 25 zuwa 44, riƙewa daga 45 zuwa 64, sannan sassautawa. Wanda ya ɗora wannan jeri a kan matakalar Kantin Kwari zai ga sun yi kusan daidai, sai dai yaron kasuwa yakan riga ɗan makaranta shiga zangon lalube.

A Nijeriya ana danganta farkon irin wannan shawara da kwalejin 'yan mata ta St. Teresa da ke Ibadan, inda a 1959 aka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibai masu fita bayani. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta shigar da jagoranci da ba da shawara cikin tsarin makarantu. To sai dai a aikace, yaro yakan gama sakandare bai ji an ambaci komai ba sai likita da injiniya da lauya, har ya ɗauka cewa kalmar ta waɗannan ukun ce kawai.

Masanin halittu zai fi gane maganar zango idan ya tuna tsutsar da ke cin ganyen tsamiya, wadda daga gidanta ake samun zaren tsamiya na aikin babbar riga. Ƙwai ne, sai tsutsa, sai kwanciya cikin saƙa, sai malam-buɗe-littafi mai fiffike. Wanda ya ga zango ɗaya kawai ba zai iya siffanta halittar ba. Bambancin shi ne, an riga an rubuta wa ƙwaro zangonsa a cikin ƙwayoyin gadonsa, ɗan Adam kuwa yana da zaɓi, kuma yana iya komawa baya ya sake lale. Shi kansa Super daga baya ya yarda cewa mutum yakan maimaita zangunan nan idan yanayi ya sauya masa.

Ranar Da Masaƙu Suka Yi Shiru

Kano ta ga irin wannan sauyi da idonta. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ziyarci birnin a 1851, ya ƙiyasta darajar tufafin da ake saƙawa da rinawa a Kano a shekara da wuri miliyan 300. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya durƙusar da noman baba a Indiya, daga baya kuma ya rage wa karofi kasuwa a ko'ina. Zamani ya sake juyawa da kafa masaƙun zamani: ta Kaduna a 1957, sannan na Kano a Bompai da Sharaɗa da Challawa. A shekarun 1980 Nijeriya tana da masaƙu fiye da ɗari, kuma samun aiki a cikinsu abin alfahari ne. Amma ƙarancin wutar lantarki, da tsadar mai, da fasa-ƙwauri, da kwararowar yadi mai araha daga Asiya, suka taru suka karya su. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, na Kano da yawa suka bi sahu.

Dubban ma'aikata suka wayi gari babu aiki. Ga wanda ya ɗauka cewa kujerarsa a masaƙa ita ce rayuwar aikinsa gaba ɗaya, komai ya ƙare ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo. Wanda kuwa ya fahimci cewa sanin zare da rini da inji yana tare da shi, yana da abin da zai shiga da shi kasuwa ko gyaran injuna ko ƙananan wuraren rini, ko da yake ba a ce hakan ya zo da sauƙi ba. Kasuwar ma ba ta tsira daga jarrabawa ba: gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 sun cinye dukiya mai yawa. Wuta da ruwa suna cin kaya, amma ba sa cin suna, kuma ɗan kasuwar da aka sani da amana shi ake fara ba kaya bashi ya sake tashi.

Gurbin Ɗalibin Kimiyya

Idan aka fahimci kalmar haka, sai a ga cewa kasuwar tufafi cike take da tambayoyin kimiyya. A karofin Ƙofar Mata, ƙananan halittun bakteriya ne suke aiki cikin ruwan baba da toka, suna mayar da shuni zuwa sifar da ke narkewa ta shiga zare. Shi ya sa yadi yake fitowa kore-kore, sai iskar oksijin ta taɓa shi ya koma shuɗi. Funfunar da ke lalata atamfar da ta jiƙe halitta ce mai cin sinadarin selulos na auduga, kuma sanin yanayin danshin da take yaɗuwa a ciki shi ne sanin yadda za a tsara ma'ajiyar kaya. Gwajin ƙona zare da 'yan kasuwa ke yi, inda auduga ke barin toka mai laushi da warin takarda, roba kuma ta narke ta dunƙule, kimiyyar sinadarai ce. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da irin auduga, kuma a 2018 Nijeriya ta amince da noman audugar da aka sauya wa ƙwayoyin gado don ta jure wa tsutsa. Ga kuma ruwan rini da na jima da ke gangarawa kogin Challawa, wanda yake buƙatar masu aunawa da tacewa.

William Perkin na Ingila yana ɗan shekara 18 a 1856 lokacin da yake ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, wato kwinin, sai ya ci karo da rinin farko na masana'anta. Ya bar makaranta ya kafa masana'antar rini, ya sayar da ita a 1874, ya koma ɗakin bincike har ƙarshen rayuwarsa. Ɗalibi ne, sai ɗan kasuwa, sai mai bincike, amma tafarki ɗaya ne.

Yadda Ya Dace A Yi Amfani Da Ita

Na farko, kada a ce an samu "career" don an samu takardar ɗaukar aiki. Aiki ake samu, tafarki kuwa gina shi ake yi. Na biyu, kalmar ba ta masu albashi kaɗai ba ce. Manomi da marini da mai shago duk suna da hakki a cikinta. Na uku, gurbin da aka bari a takardar CV amsar tambayoyi uku yake nema: me mutum ya riga ya iya, me yake so ya yi yanzu, ina ya nufa. Mai digirin ilmin ƙananan halittu da ya yi shekara biyar yana taya mahaifinsa a Kantin Kwari bai kamata ya ɓoye waɗannan shekaru ba. Ya rubuta cewa ya riƙe lissafin shago, ya san ingancin yadi, kuma yana neman ya ƙware a gwajin ingancin kaya. Wannan ya fi jimlar aro nauyi a idon mai tantancewa. Na huɗu, a duba rubutun da kyau, kada ɗan dako ya shiga gurbin hanya.

Kammalawa

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma wannan karin magana na wanda ya riga ya kama hanya ne. Matashin da ke zaune yana jiran takarda zai amfana idan ya shiga Kantin Kwari wata safiya, ya sami dattijo mai shago ya tambaye shi inda ya fara da matakan da ya taka. Abin da zai ji daga bakinsa shi ne cikakkiyar fassarar kalmar da aka buga masa a saman takardarsa.